Ranar da Tekun Maiwada Ya Yi Ambaliya

A shekarun da soja suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, lokacin da sai mutum ya bi layi tun hantsi kafin ya samu sabulu ɗaya da gwangwanin madara, a lokacin ne Maiwada ya dawo Makarfi daga Ikko da teku a bayan mota.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gadin gidan wani Bature injiniya. Da al'amura suka tsananta, Baturen ya ɗaure kayansa zai koma ƙasarsu, ya tara ma'aikatan gidan ya ce kowa ya zaɓi abu ɗaya. Kuku ya ɗauki firji. Direba ya ɗauki rediyo mai kaset. Maiwada ya duba gabas ya duba yamma, bai ga abin da ya fi girma a falon ba sai akwatin gilashin da Baturen ke kiwon kifin teku a ciki, mai tsawon gadon mutum. Ya ce shi yake so. Sau uku Baturen yana tambayarsa ko ya tabbata, sau uku Maiwada yana bugun ƙirji.

Aka haɗa masa da injin hura iska, da fitila mai shuɗin haske, da buhunan wani gishiri na musamman, da littafi mai kauri cikin Turanci. Kifi goma sha biyu suka baro Ikko a cikin duro, bakwai suka iso da rai.

Matarsa Talatu ta tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu, tana kallon ƙarti shida na nishi da akwatin.

"Malam, mutane na dawowa da keken ɗinki, kai ka dawo mana da ruwa?"

"Ba ruwa ba ne, Talatu. Teku ne."

"Ana shan sa?"

"A'a."

"Ana wanki da shi?"

"A'a."

"Kifin fa, ana ci?"

"Wa ya taɓa cin ado? Kallonsu ake yi."

"Ba su aikin komai sai a kalle su?" Ta gyara ɗaurin zaninta. "Ashe kun zama ku takwas a gidan nan."

Amma ko ita, da ruwan ya kwanta aka kunna fitilar, sai da ta tsaya kallo. Akwai kifi rawaya kamar garin ɗorawa, wanda Maiwada ya raɗa wa suna Gimbiya. Akwai shuɗi kamar yanzu aka tsamo shi daga karofi. Akwai wasu biyu masu ruwan lemo da farin ratsi, suna ɓuya cikin wani abu mai laushi mai kama da fure. A ƙasa kuma ga murjani mai rai, reshe-reshe, ba irin wanda mata ke ratayawa a wuya ba.

Kafin mako ya zagayo, zauren Maiwada ya zama kasuwa. Daga Nasarawan Doya ake zuwa, daga Dandamisa ake zuwa. Shi kuwa yana tsaye gefen akwatin da tsinke a hannu yana bayani, yana ba da labarin ranar da ya yi kokawa da wani kifi mai girman akori-kura a bakin ruwan Ikko. Bai taɓa shiga teku ya wuce idon sawu ba, amma babu wanda ke wurin da zai ƙaryata shi.

Gaskiyar maganar ita ce, kifin nan suna raye ne albarkacin maƙwabcinsa Malam Nehemiya, mutumin kudancin Kaduna mai koyar da kimiyya a sakandare. Shi ya karance littafin Baturen daga bango zuwa bango. Kullum da la'asar zai shigo, ya auna gishirin ruwan da wata 'yar kwalba mai yawo a sama, ya kankare gansakuka, ranar Asabar ya canja bokiti biyu. Idan baƙi suka tambaya ko wane ne, sai Maiwada ya ce, "Ɗalibina ne. Yana ƙoƙari."

Da haka aka ci wata huɗu lafiya, har ranar da Iya Ummuhani mai ƙosai ta zo kallo. Ta leƙa ta sama, ta leƙa ta gefe, ta taɓe baki.

"Wannan ne tekun? Ni da na ji ana ta teku, teku, har na naɗe zanina tun daga bakin titi. Ai kududdufin bayan gidana ya ninka shi goma, kuma shi har agwagi ke wanka a ciki."

Zaure ya ɗauki dariya. Maiwada ya ji kamar an watsa masa barkono a ido. Nan take ya ɗaga tsinkensa sama.

"Jama'a ku shaida! Wannan ɗan jariri ne. Nan da kasuwa uku zan gina wanda ya ninka shi huɗu, kuma Kantoma da kansa zai zo ya buɗe shi!"

Kantoma shi ne wanda soja suka ɗora a kan ƙaramar hukuma, kuma bai san da zaman Maiwada a duniya ba. Wannan bai hana Maiwada sa a rubuta masa takardar gayyata a ranar ba.

Washegari ya tafi wani tsohon gareji a Ikara, ya dawo da gilasan gaban matattun motoci. Ya kira Lado mai walda ya haɗa masa firam na ƙarfe. Da aka gama, sai aka ga ba zai shiga ta ƙofar zaure ba, don haka aka kafa shi a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa. Maiwada ya ce dama haka ya tsara, teku ba ya son ɗaki.

"Da me za ka manne gilashin?" in ji Nehemiya.

"Ƙaro, da kwalta, da ɗan siminti."

"Malam Maiwada, littafin ya ce akwai gam na musamman. Ƙaro yana narkewa a ruwa."

"Ticha, littafin nan a ƙasar sanyi aka rubuta shi. Ƙaron Bature ne ke narkewa. Namu ya sha rana."

Lado ya naɗe wayar waldarsa yana cewa, "Ni dai ƙarfe na sani. In ƙarfe ya karye, ka neme ni. In gilashi ya yi magana, ban taɓa ganin ka ba."

'Yan garuwa suka kwana uku suna zuba ruwa kafin ya cika. Saura gishiri. Maiwada ya shiga ɗaki zai ɗauko ragowar na Baturen, buhu ɗaya da rabi, sai ya tarar da Talatu zaune a kai tana tsince shinkafa.

"Tashi."

"Malam Nehemiya ya ce in ka zuba wannan a can, kifin nan ba su da ruwan canji, mutuwa za su yi."

"Ni ne mai teku ko shi?"

"Kai ne. Sai dai ka ɗauke ni tare da buhun ka zuba."

Ya auna Talatu da ido, ya auna ƙarfinsa, ya ce dama gishirin gida ya fi inganci.

To, gishiri a wannan zamani ba abin wasa ba ne. A kantin da ake raba kayan masarufi, mudu ɗaya ake ba kowa, soja na tsaye da bulala. Maiwada ya bi layi da hula ya karɓa. Ya zagaya ya dawo da rawani ya karɓa. Ya sake dawowa da tabarau yana ɗingishi ya karɓa. Ya je Ikara, ya je Kudan. Ya bi masu tebur ɗaya bayan ɗaya ya kwashe abin da suke da shi. Cikin kwana biyar unguwa ta fara cin miya lami, ƙosan Iya Ummuhani ya koma kamar ana tauna auduga.

Ta zo har ƙofar gida da matsami a hannu.

"Maiwada, gishirin garin nan kaf ka zuba wa ruwa?"

"Iya, ke kika ce teku ya yi ƙarami."

"Na ce ya yi ƙarami, ban ce ka haɗa shi da abincina ba!"

"Ci gaba sai da sadaukarwa. Ko a rediyo haka suke faɗa."

"Za ka ji rediyo," in ji ta, ta juya.

A ranar ne ya zauna a kan 'yar kwalbar awon gishiri, wadda ya manta a aljihun baya. Nehemiya ya tsince gutsattsarin yana girgiza kai. Maiwada ya ce ba komai, harshensa ya fi kwalba, shi da ya sha iskar teku shekara goma sha ɗaya. Ya ɗebi ruwan sabon akwatin ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce da saura. Gishiri kuwa ya ƙare a gari. Sai ya sayo kanwa ƙwarya biyu ya antaya.

"Kanwa?" Nehemiya ya dafe kai.

"Gishiri da kanwa ai uwa ɗaya uba ɗaya."

Ruwa ya yi fari fat kamar kunu. Maiwada ya ci gaba da awo, kurɓi ashirin a wuni. Duk wanda ya san kanwa ya san aikinta a ciki. Wata rana yana tsaka da yi wa wasu fatake bayanin igiyar ruwa, sai aka ga ya yi tsit, ido ya fito, ya miƙa wa na kusa da shi tsinken ya shige gida da sassarfa. Da ya fito ya kama daga inda ya tsaya. Bai kai ƙarshen jimla ba ya sake komawa. A zuwa na huɗu ɗaya daga cikin fataken ya ce, "Malam, mun gane igiyar ruwan. Tana zuwa tana komawa."

Ana cikin haka wuta ta ɗauke, kwana biyu ba ta dawo ba. Injin hura iska na tsohon akwatin ya tsaya. Da azahar a rana ta biyu Talatu ta ƙwala wa Maiwada kira, ya shigo ya ga Gimbiya ta kwanta gefe guda a ƙasa, bakinta na buɗewa a hankali. Nan take ya ruga ɗaki. Ya ciro famfon keke, ya soka bakinsa cikin robar iska, ya durƙusa yana bugawa. Ya buga har gumi ya jiƙa rigarsa, har hannuwansa suka mutu, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Haba Gimbiya, daga Ikko fa muka taho tare." Sai bayan la'asar Nehemiya ya iso da batirin mota na aro da wata 'yar na'ura daga makarantarsu, ya haɗa injin. Gimbiya ta miƙe ta kaɗa jela.

Maiwada ya share fuska, ya fita ƙofar gida, ya shaida wa jama'a cewa ya ƙirƙiro sabuwar hanyar farfaɗo da kifi wadda ko Turawa ba su sani ba.

Saura murjani. Wanda ke tsohon akwatin ba zai cika ko kusurwa ɗaya ta sabon ba. Maiwada ya shiga daji da gatari, ya farfaso suri, ya zaɓi masu rassa da ramuka, ya shafe su da jar galura, ya jera a ƙasan ruwa. Da safe abin ya yi kyau ƙwarai. Kafin azahar surin ya narke, galura ta saki, ruwan ya koma ja jawur, gara na yawo a sama.

Mutane suka taru suna kallo. Maiwada bai ko girgiza ba.

"Ai akwai teku ja. Ticha, faɗa musu, ba ya cikin littafinku na coci?"

"Yana ciki," in ji Nehemiya. "Amma wanda aka ce ya shiga da taƙama bai fito ba."

Ya roƙe shi da girman Allah kada ya saka kifin teku a wannan ruwa sai an gwada da wani. Aka samo tarwaɗa daga rafi, tarwaɗar da ke iya cin rani guda a cikin laka. Aka sake ta. Ta zagaya sau ɗaya, ta yi tsalle ta faɗo ƙasa, ta ja ciki ta nufi kwata ba ta waiwayo ba.

"'Yar ƙauye ce," in ji Maiwada. "Ba ta saba ba."

Nehemiya ya ga gardama ba za ta yi ba, sai ya sauya dabara. "Malam, babban mutum irin Kantoma, ai shi ya kamata ya saki kifin farko da hannunsa. Ka bar su a ciki sai ranar."

Maiwada ya ce abin da ke ransa ke nan, Ticha ya riga shi faɗa ne kawai.

A 'yan kwanakin da suka rage, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta mahaɗin gilasan, rana ta busar da shi ya bar farin gishiri a kan ƙaro. Awakin unguwa suka gano. Tun safe za su jeru suna lasa, a kore su su dawo. Talatu ta ce a sa ƙaya a kewaye. Maiwada ya ce a bar su, ko dabba ta san abu mai daraja.

Ranar kasuwa ta zo. Aka jera benci, aka kira mai kalangu. Maiwada ya sha babbar riga, ya ɗora wata farar hular matuƙan jirgin ruwa da ya taho da ita daga Ikko. Har rana ta take babu amsar takarda, babu Kantoma. Jama'a suka fara gunaguni. Can sai ga motar soja ta shawo kwana tana tayar da ƙura.

"Ba na faɗa muku ba?" Maiwada ya daka tsalle. "Mai kalangu, saki!"

Wani saje ya diro, dogo, da sanda a hammata, sunansa Ja'afaru a rubuce a ƙirji. Sojoji biyu suka biyo shi. Daga bayan motar kuma Iya Ummuhani ta sauko a hankali tana gyara mayafi.

Maiwada bai gan ta ba. Ya ƙame ya sara. "Ranka ya daɗe, barka da zuwa! A madadin ɗaukacin masana teku na wannan yanki..."

"Kai ne Maiwada?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ashe suna ya kai can."

"Ya kai. An ce ka ɓoye gishirin gari. Ina yake?"

Kalangu ya mutu a tsakiyar kiɗa. Maiwada ya nuna akwatin.

"Ga shi nan."

"Ina?"

"A ciki, ranka ya daɗe. Ban ɓoye ba. Kowa na ganinsa."

"Ni ban ga gishiri ba. Jar miya na gani."

"Teku ne."

Saje ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar, ya sake tofarwa. "Buhu nawa?"

"Huɗu, da 'yan kai."

"Shida!" in ji Iya Ummuhani daga baya. "Da rawani, da tabarau, da ɗingishin ƙarya!"

Saje ya zagaya akwatin yana duban mahaɗan da awaki suka lashe. "Kuma ka kafa wannan abu a bakin hanya. In ya fashe a kan mutane fa?"

A nan ne ya kamata Maiwada ya yi shiru. Amma an taɓo aikin hannunsa.

"Fashe? Ranka ya daɗe, wannan ko igwa aka harba masa sai dai igwar ta ji kunya. Dubi nan!"

Ya naɗe hannun riga, ya ɗaga tafi, ya sakar wa gilashin gaba mari.

Da farko ba abin da ya faru. Sai aka ji wani ɗan sauti, ƙiii, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa. Lado mai walda, wanda ke zaune a bencin gaba, ya miƙe ba tare da sallama ba ya bi lungu. Gilashin ya rabu da firam gaba ɗayansa, ya kwanto, teku ya biyo bayansa.

Ruwan ya fara da mai shi. Ya ɗauke Maiwada da babbar rigarsa ya ajiye shi a gindin bencin mata. Ya wanke saje daga ƙugu zuwa takalmi. Ya tafi da kalangu, ya kifar da tiren mai goro, ya bi ta ƙarƙashin motar soja ya gangara titi. Farar hula ta bi sahu tana juyi a kan jan ruwa. Kafin jama'a su gama salati, awaki da tumakin da aka kawo kasuwa sun ji ƙanshin gishiri, suka tsinke igiyoyi suka auko, suna lasar ƙasa, suna lasar benci. Wani bunsuru ya sa Maiwada a gaba yana lasar masa wuya.

Saje Ja'afaru ya dubi kakinsa da ya koma ja. Ya dubi Maiwada. Cikin murya mai sanyi ya ce, "Kama kunnenka."

Haka Maiwada ya yi tsallen kwaɗo daga ƙofar gidansa zuwa bakin titi ya dawo, riga na ɗigar galura, bunsuru na biye da shi. A zagaye na biyu Talatu ta fito, ta durƙusa ta ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri. A shigo zaure a wanke takalmi."

Saje ya shiga yana huci. Sai ya yi turus. A kusurwar zauren tsohon akwatin na nan, ruwansa garau, shuɗin haske na sauka a kan murjani, Gimbiya na zagayawa cikin natsuwa kamar ba a yi komai a duniya ba. Ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye.

"Shekara biyu na yi aiki a Fatakwal," ya ce a hankali, "kullum ina ganin ruwan nan ta sama. Ashe haka cikinsa yake." Ya miƙe. "Wa ke kula da wannan?"

Maiwada ya buɗe baki daga bakin ƙofa. Talatu da Iya Ummuhani da rabin unguwa suka nuna Nehemiya.

Saje ya yanke hukunci a tsaye. Kifi na Maiwada ne, amma daga yau ba zai sa wa ruwansu ko yatsa ba sai Malam Nehemiya na wurin. Mako mai zuwa kuma, in an kawo gishiri kanti, Maiwada ne zai bi wa tsofaffin unguwa layi, ɗaya bayan ɗaya, da fuskarsa ta gaskiya. Kafin nan ya kwashe laka da gilashi daga kan hanya.

Da la'asar sakaliya, Maiwada na tsaye cikin jar laka da shebur, sai ga wani baƙo daga Kudan a kan keke, ya makara bai ga buki ba. Ya yi sallama, suka gaisa, ya tambayi gida da gajiya, sannan ya dubi firam ɗin da ke tsaye wayam.

"Malam, an ce yau ake buɗe teku. Me ya faru?"

Maiwada ya dogara da shebur, ya gyara tsayuwa.

"Ambaliya ya yi."

"Subhanallahi! Ashe bai ginu da kyau ba."

"Kai, ɗan'uwa, ka taɓa jin randa ta yi ambaliya? Ka taɓa jin rijiya ta cinye kasuwa har da soja?" Ya nuna lakar da ta miƙa har bakin titi. "Sai teku na gaske. Ka je ka faɗa wa mutanen Kudan su gode wa Allah suna kan tudu."